Jitar da Baffa Ya Sassaƙa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baffana, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina 'yar shekara huɗu har ya kai ni ɗakin miji, ya rasu ranar wata Talata a ƙarshen daminar da ta wuce, tsakanin azahar da la'asar. A tsaye ciwon ya same shi, a bakin shagonsa na gyaran rediyo da ke gefen titin Kano a Bebeji.

Kwana uku gidan bai yanke da jama'a ba. An zo daga Kiru, an zo daga Dangora da Badafi, Fulanin gefen Doguwa ma sun zo da ƙoren nono. Ni ina cikin gida tare da mata, amma na kasa zama wuri ɗaya. In zauna kusa da Inna, matar Baffa, in tashi in leƙa madafa, in koma bakin zaure ina jiyo maganar maza. Wata maƙwabciya ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Sai haƙuri, Inna. Kin rabu da mutum mai haƙuri."

Inna ta ɗago jajayen idanunta ta ce, "Ku yabe shi da abin da yake da shi. Kirki yana da shi, kyauta yana da ita. Haƙuri kuwa, shekara arba'in muna tare ban ga inda ya ajiye shi ba."

Mata suka rasa ko dariya za su yi ko kuka.

A rana ta biyu wata Bafulatana ta shigo da rediyo ƙunshe a tsumma. Ba ta ji labari ba, gyara ta kawo. Da aka gaya mata, sai ta nemi gefen tabarma ta zauna, ta ɗora rediyon a cinya, ta wuni a haka. Da yamma ta ɗauki abinta ta tafi.

A ranar ne kuma aminin Baffa ya iso, direban babbar mota mai jigila tsakanin Kano da Legas. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi wa Inna gaisuwa, sannan ya ambaci Baffa da sunan da yake kiran sa ya ce, "Inna, ina jitar Injiniya? Allah ya sa an adana ta."

Gwaggo, yayarsu Baffa mace, ta katse shi. "Malam, nan gidan makoki ne. A yi wa mamaci addu'a."

Daga nan ba wanda ya sake ambaton ta. Aka yi ta yabon rediyoyin da ya gyara, da sahun gaba da ba ya rasawa a masallaci, duk kuma gaskiya ne. Amma shekara bakwai na rayuwarsa suna cikin wannan jita, na ga kuma ana neman a binne su tare da shi don kunya. Tun daga ranar zuciyata ba ta kwanta ba. Shi ya sa na ɗauki biro, domin ni ce na rubuta masa wasiƙun da suka kawo ta, na san abin da wasu ba su sani ba.

Baffa ba ya zama. A tsaye yake shan koko, a tsaye yake sauraron labarai, in kuwa ana hira ya ga ta yi tsawo sai ya hau gyara ƙafar bencin da mutane suke zaune a kai. In aka kawo masa rediyo aka ce ta mutu, sai ya ce, "Wa ya yi mata wanka? Kawo ta nan." Ƙarfen dalmarsa a gawayi yake ɗora shi, domin wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, kuma kafin ƙarfen ya yi zafi ya zagaya shagon sau goma. Ni sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. "Uwata" yake ce mini, ko da faɗa yake yi mini.

Mu gidan manoma ne, gero da dawa da gyaɗa, kakanmu kuma yana ɗan taɓa malanta. Baffa ne kaɗai ya fita. Yana saurayi ya tafi Jos ya koyi aikin lantarki. A can ne wasu makaɗan otal suka riƙa kawo masa na'urar ƙara sautinsu yana gyarawa, har mai kaɗa musu jita ya saba da shi, ya koya masa riƙo da waƙa biyu ko uku. Bai daɗe da fara iyawa ba kakanmu ya rasu, Baba, wato mahaifina, ya aika masa ya dawo gida. Ya dawo, ya buɗe shago, ya yi aure. Shekara talatin bai sake taɓa jita ba, bai kuma taɓa gaya wa kowa ya taɓa riƙe ta ba.

Na san labarin ne lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kiru, a tsakiyar shekarun tamanin. Wata Juma'a na zo gida, ya kira ni shago ya shimfiɗa mini wata yagaggiyar takarda mai sheƙi. Da ita aka naɗe masa wasu kayan gyara daga Legas. Hoton jitar lantarki ne a jiki, an warwatsa ta gunduwa-gunduwa, kowane yanki da sunansa da Turanci.

"Uwata, karanta mini. Wato ɗaiɗai ake sayar da su?"

Na ce, "Haka aka rubuta, Baffa."

"To ashe ba sihiri ba ne. Katako ne da waya da maganaɗisu. Ɗauko biro."

Na ce, "Baffa, me za ka yi da jita?"

Ya ce, "Akwai wata waƙa da take yawo a kaina tun kafin a haife ki. Na gaji da ɗaukar ta. Ina so in sauke."

Haka na fara rubuta wasiƙu zuwa ga wani ɗan kasuwa a Legas wanda yake da ɗan'uwa a ƙasar waje. Direban nan, aminin Baffa, shi yake kai wasiƙa, shi yake dawo da amsa. Lokacin kaya sun yi wuya a ƙasa, abin da aka ce wata ɗaya sai ya ɗauki wata takwas. Duk ranar da ake sa ran motar, Baffa ba ya iya aiki. Ya je tasha, ya dawo, ya sake komawa. Wuyan jitar ne ya fara isowa, dogo, sumul, da 'yan ƙarafa jere a jikinsa. Ya rungume shi daga tasha har gida kamar an ba shi jariri.

Sai maganar fikof. Haka ake kiran 'yan ƙananan maganaɗisun da suke ɗaukar motsin waya su mai da shi sauti. Baffa ya faɗa a majalisa cewa ya yi odar fikof biyu daga Legas, bai yi wa kowa bayani ba. Kafin sati ya zagayo gari ya ɗauka motoci ne, Baffa zai shiga harkar sufuri. Mutane suka riƙa zuwa yi wa Inna murna, wani har ya kawo ɗansa a ɗauke shi direba. Ranar da kayan suka iso, a cikin kwalin da bai kai na sabulu biyu ba, Inna ta dube su ta dubi mijinta ta ce, "Malam, a wacce zan zauna, ta gaba ko ta baya?"

Makullan da ake murɗawa a ɗaure wayoyi kuwa, shida ya kamata su zo, biyar aka aiko. Na rubuta wasiƙa uku a kan na shidan, ba amsa. Baffa ya samo tsohon kan famfo na tagulla, ya yi sati biyu yana goga shi da zarto har ya fitar da na shida. Bai yi kama da 'yan'uwansa ba, amma ya fi su riƙo.

Abin da ba a yi odarsa ba shi ne gangar jikin. Ya ce wannan da hannunsa zai sassaƙa. Ya shiga neman katako kamar mai neman ɓataccen ɗa. Ya je kasuwar Dangora, ya je wurin masu yankan katako a Tudun Wada, ya hau mota har Doguwa. Ko'ina ya je sai ya ɗaga katako ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya kara a kunne, ya girgiza kai. "Ɗanye ne. Da sauran ruwa a cikinsa." Masu katako suka fara ɓuya in sun hango shi.

Ashe abin da yake nema yana cikin gida. Da aka sa wa zauren gidanmu na gado ƙofar ƙarfe, an cire tsohuwar ƙofar maɗaci ta kakanmu an jingine ta a ɗakin ajiya, bayan buhunan gyaɗa. Wata rana Baffa ya shiga neman wani abu, gwiwar hannunsa ta bugi ƙofar, ya ji amon da ta yi. Bai tambayi kowa ba. Ya ɗauke ta a ka ya kai shago, kafin la'asar ya sa mata zarto.

Ina nan ranar da Baba ya zo. Baba mutum ne mai sanyin magana, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar.

"Auta, ƙofar zauren ubanmu ce wannan?"

"Ita ce, Yaya. Shekara shida tana jingine, gara ta kusa fara ta."

"Ƙofar da ya yi shekara arba'in yana buɗewa da asuba ya tafi masallaci, ita ka yanka za ka yi molon Turawa?"

"Da na bar wa gara, da ka fi jin daɗi?"

"Da ka tambaye ni!" Baba ya buga sandarsa a ƙasa. "Mu ba maroƙa ba ne. Da furfurarka, da 'ya'ya mata a gidan miji, so kake a riƙa nuna su ana cewa ga 'ya'yan makaɗi?"

Baffa ya ajiye zarto ya ce, "Yaya, ka ce in dawo daga Jos, na dawo. Ka ce in yi aure, na yi. Shekara talatin ban ƙetare maganarka ba. Wannan guda ɗaya ka bar mini."

Baba ya juyo gare ni. "Ke kuma, an ce ke kike rubuta masa takardun. Daga yau kada ki ƙara."

Daga ranar sai gaisuwa kawai tsakaninsu, ita ma a taƙaice, a ƙofar masallaci. Shekara biyu da wani abu suka yi a haka. Gwaggo ta bi bayan Baba. Ni na rasa inda zan sa kaina, ga wanda ya haife ni, ga wanda ya raine ni. Wata huɗu ban rubuta komai ba, Baffa kuma bai roƙe ni ba. Sai wata rana na tarar da shi da biro, ya sa tsohuwar wasiƙata a gaba yana kwafar haruffan ɗaya bayan ɗaya, alhali da ajami kawai ya iya rubutu. Wayoyi shida yake son ya yi oda. Na karɓi biron na rubuta. Har yau ban gaya wa Baba ba, sai dai in an karanta masa wannan. Baba, ka yafe mini.

Sassaƙar ta ci damina guda da rani guda. Ya fafe gurbin wuya da kurfi, ya fafe na maganaɗisu, ya yi ta gwadawa yana cirewa. In wuyan ya karkace da kaurin gashi, sai ya kwance ya sake. Da ya gama sai ya shiga guga da samfefa, safe da yamma, har zanen yatsunsa ya shafe.

Fenti ya fi komai wahalar da shi. Ya samo jan fentin mota a wurin wani mai gyaran jikin mota a Kiru, ya shafa, ya rataye ta a bayan shago. A daidai lokacin ruwan farko ya sauka, shinge ya taso, da gari ya waye fukafukai sun manne a jikin fentin ko'ina. Ya kankare ya sake. Karo na biyu ya je ya kwance gidan sauron Inna ya lulluɓe jitar da shi. Inna ta zo shago da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Malam, wato ni sauro ya cinye ni, katako ya kwana a gidan sauro?"

"Kwana uku ne kawai, ke ma kin san fenti ba ya son ƙwari."

"Ni ce nake son su?"

Ta yaye abinta ta tafi, gefensa da jan fenti har ya tsufa.

Karo na uku fentin ya yi kyau, ja wur, mutum yana ganin fuskarsa a ciki. Kowa ya ce an gama. Baffa ya yi kwana biyu yana zagaya ta, ya ɗauka ya ajiye, ya fita ya dawo. A rana ta uku na same shi yana kankare fentin gaba ɗaya.

Na ce, "Baffa, lafiya? Wata nawa ka yi a kan wannan!"

Ya ce, "Uwata, na gane ɓoye ta nake yi. Ina so in Yaya ya gan ta kada ya gane ƙofar. To ni ba sata na yi ba."

Ya mai da ita katako tsirara, ya riƙa shafa mata man katako siriri-siriri, ya bari ya bushe, ya goge, ya sake, har sau goma sha biyu. Jan maɗacin ya fito da kansa, mai duhu. Ramukan ƙusoshin da suka riƙe ƙofar suna nan, bai cike su ba. A gefe ɗaya kuma akwai wani wuri da ya lotsa ya yi santsi, inda tafin hannun kakanmu yake tura ƙofar. Baffa ya tsara yankan yadda wurin zai faɗo daidai inda mai kaɗawa yake ɗora damtsensa.

Na'urar ƙara sauti da kansa ya haɗa ta daga cikin tsofaffin rediyo masu kaset, da babbar lasifika guda da ya daɗe yana tattali, da batirin mota. Saura kwana kaɗan ya haɗa komai, sai ga ɗan Ardon wata ruga ta gefen dajin Falgore a kan keke, ya yi gumi sharkaf. Baffa ne yake gyara musu rediyo shekara da shekaru. Ɗan Ardon ya ce kakansa, tsoho tukuf wanda hankalinsa ya fara gushewa, ya fita tun jiya da safe wai zai bi shanun da aka sayar tun tuni, har yanzu ba a gan shi ba. Sun yi kira har muryoyinsu sun dishe.

Nan take Baffa ya miƙe. Ya kwance lasifikar da na'urar da batirin, ya tare motar itace mai zuwa Doguwa. Ɗan Ardon ne ya ba ni labarin sauran. A kan jaki suka ɗora kayan suka shiga daji, ciyawa ta kai ƙirji. Baffa ya miƙa wa 'yar tsohon abin magana ya ce, "Ke ya sani, ke za ki kira." Matar ta riƙa cewa da Fulatanci, "Baaba, wartu! Baaba, wartu!" wato ya dawo. Muryarta ta cika dajin. Su yi tafiya, su tsaya, su kashe na'ura su saurara. Wajen la'asar hadari ya haɗo. Aka ce wa Baffa a rufe kayan, ya ce a ci gaba da kira. Cikin ruwan ne suka jiyo tsohon yana amsawa daga gindin wata ɗorawa a bakin rafi, ƙafarsa ta gurɗe.

Tsohon ya ƙara shekara biyu a duniya. Lasifikar kuwa takardar cikinta ta jiƙe ta yage, na'urar ta ƙone. Baffa ya dawo jiƙe yana rawar sanyi, na ce masa sannu, na yi masa jajen kayansa. Ya ce, "Ai ta yi magana, Uwata. Na ji ƙarfinta. Wadda zan haɗa nan gaba sai ta fi ta." Wata bakwai ya ɗauka kafin ya sami wata lasifikar.

A cikin watannin nan ne na lura da hannunsa na hagu. In ya riƙe kofi sai ruwan ya riƙa motsi. Ya fara ɓoye hannun a aljihu. Mun kai shi asibiti a Kano, aka ba shi magani, aka ce abin ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Maimakon ya sassauta sai ya ƙara wuta. Dalmar da yake yi cikin ƙiftawar ido ta koma sai ya danne hannu ɗaya da ɗaya. Ya ƙone yatsunsa ba adadi. Inna ta ce ya huta, ya ce, "In na huta, hannun ba zai jira ni ba."

Wata Asabar bayan la'asar ya aiko a kira ni. Na tarar da shi a filin bayan shago, Inna na zaune a kan turmi, jitar na rataye a wuyansa da ɗamarar fata da wani baduku ya ɗinka masa. Ya haɗa waya da batir. Lasifikar ta ɗauki wani gurnani kamar na injin niƙa. Ya yi tsaki, ya kwance murfin baya, ya sami wayar da ta saki, ya manne ta. Gurnanin ya ɗauke. Sai ya sa babban yatsa ya shafi wayoyin shida a jere.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Ba garaya ba ce, ba goge ba ne. Sautin ya fito da kauri, ya tsaya a iska ya ƙi sauka, har tantabarun maƙwabta suka tashi. Inna ta dafe ƙirji ta ce, "La'ilaha illallahu! Daga ƙofar nan?"

Baffa ya yi dariya, ya gyara tsayuwa, ya ɗora yatsun hagu a wuyan jitar zai fara waƙarsa. Yatsun suka ƙi tsayawa. Ya danna nan, su zame can. Sautin ya fito a karye. Ya sake, ya sake. Ya zauna a kan benci, abin da ban saba gani ba, ya ɗora ta a cinya ya sake gwadawa. Gumi ya keto masa. Sau ɗaya ya ɗaga hannun ya dube shi kamar na wani ne.

Ba mu ji shigowar Baba ba. Daga gona yake, da fartanya a kafaɗa, ya jiyo ƙarar tun daga titi, na kuma san ya shigo ne don ya ce a kashe. Ya tsaya a kan Baffa. Idonsa ya sauka a kan katakon, ya bi ramukan ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan lotsattsen wurin nan. Sannan ya dubi hannun ƙanensa yana karkarwa a kan wayoyi. Sai a ranar ya gani, domin Baffa ya hana a gaya masa.

"Tun yaushe?" in ji Baba.

"An kusa shekara, Yaya."

Baba ya sauke fartanyar daga kafaɗa. Can ya ce, "Duk fitinar nan da ka tayar mana, ashe ba ka ma iya ba."

Baffa ya fashe da dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu dabam, ya sunkuyar da kai. Baba ya jingine fartanyarsa, ya zauna a gefensa na hagu, ya sa hannunsa mai kanta ya kama wuyan hannun Baffa ya riƙe gam.

"To yi mu ji. Ka yi sauri, magariba ta kusa."

Da riƙon, karkarwar ta ragu. Baffa ya danna, sautin ya fito daidai. In zai matsa sama sai ya ce, "Gaba kaɗan, Yaya," Baba ya matsa da hannun. A hankali, da tuntuɓe, waƙar ta fito. 'Yar gajeriya ce, mai sauƙi, irin wadda ake rawa da ita a da. Sau biyu ya yi ta. Baba yana kallon katanga duk tsawon lokacin, fuskarsa a ɗaure. Da aka gama ya saki hannun, ya ɗauki fartanyarsa ya ce, "Ni dai ban taɓa abin nan ba, ku shaida. Hannun ƙanena na riƙe." Ya dubi Baffa. "Tashi mu tafi masallaci."

Tare suka fita, suna gardama a kan takin zamani.

Na ɗauka bayan wannan Baffa zai zauna ya more abin da ya yi. Ko sati ba a yi ba ya rataye ta a bangon ɗakinsa, ya shiga maganar wani injin ban ruwa da yake so ya haɗa wa masu lambu. Na tambaye shi, ya ce, "Na sauke, Uwata. Kaina ya yi sakayau." Amma Inna ta gaya mini cewa lokaci-lokaci, in Baba ya zo da yamma, sukan shige ɗaki su tura ƙofa, ta riƙa jiyo sautin ƙasa-ƙasa, ba tare da lasifika ba. Shekara biyar suka yi a haka.

Da aka zo rabon gado, malamin da ya zo ya jera kayan shago da na ɗaki, ya iso kan jitar ya rasa a wane layi zai sa ta. Wani daga cikin dangi ya ce akwai mai saye a Sabon Gari, a rabu da ita kowa ya huta. Baba, wanda yanzu sai an riƙe shi yake tashi, ya ce, "Ƙofar zauren ubanmu ce. Ba a sayar da ita. In magada sun yarda, a kai ta ɗakina." Inna ta ce ta yarda, 'ya'yan ma suka ce sun yarda.

Makon jiya na je gaishe shi. Tana jingine a kusurwa, kusa da buzun sallarsa, an lulluɓe ta da tsohon rawani. Mun gama gaisawa, na tashi zan tafi, sai ya ce, "Tsaya. Auta ya taɓa ce mini in za a daɗe ba a kaɗa ta ba, a sassauta wayoyin, in ba haka ba wuyan zai lanƙwashe. Ni ba na taɓa ta. Ke ki yi."

Na durƙusa na yaye rawanin. Na kama makullan ina murɗawa ɗaya bayan ɗaya, kowace waya tana yin ƙasa da murya har ta yi shiru. Baba ya kawar da kai yana jan carbi. Da na zo kan waya ta ƙarshe ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Bar wannan haka."

Na bar ta a ɗaure.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci, ya ba shi hutun da bai taɓa yarda ya yi ba a duniya. Mu kuma da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.